Daga Tokiyo: maganar gilashin kyamarar da ka ce in sayo maka

Ƙanina, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka cewa gilashin 18-55mm da ya zo da Canon ɗinka ya gundure ka, kana son farin ƙaton nan na 70-200mm da kake gani a hannun masu ɗaukar hoton ƙwallo. Kafin ka sa babur ɗinka a kasuwa, saurari yadda abin yake a nan.

Japan ita ce gidan wannan kaya. Canon, Nikon, Sony, Sigma da Tamron duk nasu ne. A unguwar Shinjuku akwai Yodobashi, inda ake jere gilasai a fili, ka ɗaura ka leƙa ka mayar, ba mai bin ka da harara. Sai dai sabo ba shi da arahar da ake zato a gida, ga harajin kashi 10 cikin 100 da ake ɗauke wa baƙi masu yawon buɗe ido amma ba a ɗauke wa mu mazauna. Ciniki kuwa a shagunan na hannu babu shi. Ba "albarka", ba "sallama", abin da ke jikin takarda shi za ka biya.

Daɗin yana wajen na hannun, a shaguna irin Map Camera da Fujiya Camera ta Nakano. Kowane gilashi da 'yar takardarsa mai darajarsa, kuma an rubuta aibinsa ƙarara: ƙura kaɗan a ciki, ƙarzuwa a gefen zobe, babu murfin baya. Na taɓa ɗaukar wani da aka ce yana da tabo, na juya shi na juya ban ga komai ba, sai da mai shagon ya haska 'yar tocila ta bayansa ya nuna mini ɗigo kamar kan allura. Saboda wannan ɗigon aka rage kuɗin. A wajenmu, ka sani, "ɗan Landan ne, ko amfani ba a yi da shi ba" ita ce takardar, in ya lalace kuma ƙaddara ce. Nan wasu shagunan har garantin watanni suke bayarwa. Wanda ya mutu ko ake shakkarsa kwando daban ake zuba shi, a rubuta cewa ba a karɓar dawowa.

Tun da Canon ta fito da sabon baki na RF a 2018, wato wurin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara, mutane ke ta sakin tsofaffin gilasai masu bakin EF, wanda ake amfani da shi tun 1987. Kyamararka EF ce, don haka kakarka ta yanke saƙa.

Ga shawarata. Hotunanka na suna ne da biki da yara a tsakar gida bayan magariba, abin da kake nema haske ne. Gilashin 50mm f/1.8 (lambar f ita ke nuna faɗin ƙofar haske, ƙaramar lamba ta fi shigar da shi) yana cikin mafi araha, yana shigar da haske ninki da yawa fiye da naka, ya fito da fuska ya dusashe bayanta. Amma a kyamara irin taka ana ninka lambar da 1.6, sai ya koma kamar 80mm, a ɗakin amarya za ka ja baya har ka jingina da kabad ba ka kama mutum uku ba. Idan cikin ɗaki ya fi yawa, 24mm f/2.8 ya fi maka. Na hawan Sallah kuwa, 55-250mm ya isa ya jawo maka mahayi daga nesa a Ƙofar Kudu, rana na nan, kuma ba zai karya maka wuya ba. Wancan farin ya kusa kilo ɗaya da rabi.

Ba komai suka fi mu ba. Gyara a nan tsada gare shi, kuma in gilashi ya tsufa kamfani sai ya ce kayan gyaransa sun ƙare, shi ke nan. Mai gyaranmu zai kwance shi a kan tebur, ya ciro daga wani matacce ya tayar maka da shi kafin la'asar. Sannan ga laima. Daminarsu ta Yuni da Yuli tana sa funfuna ta yi saƙa a cikin gilashi, shi ya sa suke da wata 'yar kabad ta lantarki mai busar da iska. Kai naka abokin gabar ƙurar hunturu ce, kada ka riƙa sauya gilashi a fili cikin hazo, kuma ka daina goge shi da bakin riga, na san halinka.

Garantin nan ba zai bi ka Kano ba, don haka zan gwada komai a shagon kafin in biya. Turo mini hoton gaban kyamarar in ga lambarta, ka kuma faɗa mini tsakanin 24 da 50 wanne ka zaɓa. Akwai wani ɗalibi da zai taho gida hutu, ta hannunsa zan aiko. Ka gaishe da Hajiya.