Court TV a YouTube: na kalli shari'ar Karen Read, ga ra'ayina

Jama'a duk mai son ganin yadda lauyoyi ke yagar shaida a gaban alƙali, Court TV ce wajen zuwa. Tashar Amurka ce tun 1991, ita ta haska shari'ar O.J. Simpson a 1995, yanzu kuma kyauta take a YouTube, data kawai za ka ƙona. Ni shari'ar Karen Read ce ta ja ni, wadda aka sake yi a 2025 a garin Dedham na jihar Massachusetts bayan ta farko ta watse a Yulin 2024 saboda masu taya alƙali yanke hukunci sun kasa haɗa baki.

A taƙaice, an tsinci saurayinta John O'Keefe, ɗan sandan Boston, kwance cikin dusar ƙanƙara a ƙofar gidan wani ɗan sanda a Canton da asubar 29 ga Janairu 2022. Masu gabatar da ƙara suka ce ta sha giya ta banke shi da Lexus ɗinta ta baya ta tafi, lauyoyinta suka ce ina, a cikin gidan aka illata shi aka fito da shi aka ɗora mata jakar tsaba.

Abin da ya burge ni da tashar shi ne ana barinka da shaidar ɗanyenta, ba wai wani ya tauna ya ba ka ba. Da kunnena na ji yadda 'yan sanda suka kwashi jini a kofunan roba ja da suka aro a maƙwabta, suka kuma hure ƙanƙarar da injin hura ganye, wai binciken kisa kenan fa! Sai batun wayar wata mata da ta tambayi Google awa nawa mutum ke yi kafin sanyi ya kashe shi, ɓangaren Karen suka ce ƙarfe 2:27 na dare ta rubuta tun ba a ga gawa ba, masanan gwamnati suka ce a'a shafin ne aka buɗe a lokacin amma tambayar sai bayan shida na safe, wlh sai da na mayar da bidiyon baya sau uku kuma har yau kaina bai gama ɗauka ba. Ga fasasshiyar fitilar bayan mota, ga raunukan hannun mamacin da wata likita ta ce sun fi kama da na kare. Shi kuwa jagoran binciken Michael Proctor, saƙonnin batsa da ya riƙa turawa abokansa a kan Karen, su ne suka ci aikinsa.

Ban ce ba ta yi ba, ban ce ta yi ba. Amma da ni aka zaunar a kujerar nan hannuna ba zai iya sa hannu a ɗaure ta ba, shubuhar ta yi yawa, irin wadda malamai ke cewa ana tunkuɗe haddi da ita. Ranar 18 ga Yuni 2025 aka wanke ta daga kisa, aka kama ta da tuƙi cikin maye kawai.

Sai dai ka shirya haƙuri. Lokacin da ake haska ta kai tsaye a 2025 awa biyar muke gabansu, zaman safensu wajen biyun rana yake kamawa a nan, ya kai ka har bayan isha'i. Ba a nuna fuskar masu taya alƙalin, kuma in lauyoyi suka matsa gaban mai shari'a Beverly Cannone suna ƙus-ƙus sai dai ka zauna kallon bango. Turancin masanan ma sai a hankali. Ka rage ingancin hoton zuwa 360p, murya ce abin nema, in ba haka ba datar wata za ta tafi a sati. Huɗu cikin biyar na ba su.