Na'urar koyar da jijjigar inji: wacce ta cancanci kuɗinku a Legas?

Malaman injiniya da shugabannin sashe masu shirin tarbar tawagar tantance kwasa-kwasai ta COREN (hukumar kula da aikin injiniya) ko NBTE (hukumar kula da ilimin fasaha), ga shawarata kafin ku sa hannu a takardar saye.

Ni dai zaɓina ita ce babbar na'urar nan mai firam ɗin ƙarfe da ake sauya wa kayan gwaji, irin TM16 ta TecQuipment da ke Nottingham a Ingila, ko TM 150 ta GUNT da ke kusa da Hamburg a Jamus. A firam ɗaya ɗalibi zai rataya nauyi a sifirin ya ƙirga lilonsa, sannan ya ɗaura ƙaramar motar lantarki mai faifan da nauyinsa ya karkata gefe guda a kan sandar ƙarfe. Yana ƙara gudu sannu a hankali, sandar na ɗan rawa, har gudun ya zo daidai da jijjigarta ta asali. Nan take sai ta hau kaɗawa, firam na ƙara, ɗalibai na ja da baya. Da an haɗa fistan da ke cikin kofin mai, kaɗawar ta lafa. Wanda ya ga haka da idonsa ya fahimci rezonans, wato wannan tsananin kaɗawa da ke zuwa idan gudun ya dace da jijjigar asali. Tsada kam akwai, ga kuɗin kwastan a Apapa.

Manhajar kwamfuta zalla ba ta koya wa hannu komai. Haɗa na'ura da kanka da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta) da na'urar auna motsi ADXL345 kuwa, a bar wa 'yan ajin ƙarshe su yi aikin kammalawa.

Akwatin sarrafa gudun motar lantarkin ne ya fi damuna. Namu ya ƙone ranar da aka juya wuta zuwa janareta, muka yi zangon karatu guda na'ura na lulluɓe da leda. Ku tabbata ta 230V ce, 50Hz, ku haɗa da stabiliza, ku sa dillali ya rubuta inda za a samu kayan gyara. Iskar Legas ma ga laima da gishiri, sifirin mai araha ba ya jimawa sai tsatsa.

Sai jabu, kuma sun yi yawa. Ana shigo da kwaikwayo mara suna, a manna masa tambarin kamfanin Turai, a ninka farashi. Kada hoton katalog ya ruɗe ku. Ku karɓi lambar da ke jikin na'urar, ku aika wa kamfanin imel ya tabbatar. Kafin a biya cikon kuɗi, a kunna ta a gabanku: ku rataya nauyin da kuka sani, ku auna miƙewar sifirin da rula, ku gwada da abin da littafin na'urar ya ce. Dillalin da ya ce sai an biya kafin a buɗe akwati, ku sallame shi.