GLE 350 ko GLE 450: amsa ga Alhajin da ya rasa zaɓi tsakanin fulogi huɗu da fulogi shida

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce dilali ya turo maka Mercedes GLE guda biyu 'yan Amurka, duka ƙirar 2020, ɗaya 350 ɗaya 450, kuma zuciyarka ta fi karkata ga ƙaramar saboda tsadar fetur. Ka ce a Kano kake zaune, amma harka tana kai ka Abuja a kai a kai, wani lokacin da iyali da kaya. Na ga wasu sun amsa maka cewa ai duk V6 ne, ka ɗauki mai araha kawai. To daga nan zan fara, don a nan ne mutane suka fi ruɗewa.

GLE 350 ɗin da muka saba da ita, ta 2016 zuwa 2018, wadda ta gaji ML 350, ita ce mai V6 lita 3.5 ba turbo. Da aka sauya bodi a 2020, lambar da ke bayan mota ba ta canza ba, amma injin ya canza gaba ɗaya. Wanda ke cikin 350 ɗin da aka turo maka fulogi huɗu ne, lita 2.0 da turbo, suna kiransa M264. Ƙarfinsa doki 255. Ita kuwa 450 fulogi shida ce a jere, ba V ba, lita 3.0 da turbo, M256, doki 362. Ban da haka akwai wani ƙaramin injin lantarki da aka saƙala tsakanin injin da giya, yana ƙara doki 21 na ɗan lokaci idan ka taka. Giyarsu ɗaya, mai hawa tara. Tankinsu ɗaya, lita 85. Masana'anta ɗaya ta ƙera su a jihar Alabama. Idan aka ajiye su gefe da gefe aka cire lambar baya, da wuya ka bambance.

Maganar mai, tunda ita ce ta dame ka, kuma da gaskiyarka, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa lissafi yake kafin ya tada mota. Sai dai a nan lissafin ba zai ba ka abin da kake zato ba. A gwajin 2020 na EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, idan aka haɗa tuƙin gari da na babban titi, 350 mai jan ƙafa huɗu tana yin mil 22 a galan, 450 tana yin 21. A cikin gari kuwa lambarsu ɗaya ce, 19. A babban titi ne ƙaramar ta ɗan wuce, 26 da 24. Idan ka juya wannan zuwa tafiyar Kano zuwa Abuja, bambancin bai wuce lita uku zuwa huɗu ba. Shi ke nan fa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Motar ta haura tan biyu ko babu kowa a ciki. Nauyin nan dole wani ya ja shi, kuma ƙaramin inji ba ya jan sa sai turbo ya hura masa iska da ƙarfi, iskar kuma sai an haɗa ta da mai. Kamar ɗan dako ne siriri da aka ɗora wa buhun masara: zai kai maka shi har ƙofar gida, amma da haki. Ƙaramin inji yana tsimin mai ne idan kana lallaɓa shi, kai kaɗai a mota, titi a miƙe. Ka zuba mutum biyar da akwatuna, esi a ƙure saboda zafin Afrilu, kana taka totur don ka wuce tirela, sai ka ga allura tana sauka daidai da ta babbar, wani lokacin ma fiye.

A tuƙi ne tazarar take da gaske. Kamfanin ya ce 350 tana kai gudun kusan kilomita 100 daga tsaye a daƙiƙa bakwai da ɗoriya, 450 kuma a biyar da rabi. Wani zai ce ai ba tsere muke ba. Haka ne, amma ka tuna inda aka haɗe hanya saboda gyara, tankokin mai biyu a jere a gabanka, ga wata motar tana tahowa daga nesa. A 350 kana takawa sai ka ji ta ɗan yi jim, giya ta sauko hawa uku ko huɗu, injin ya ɗaga murya, sannan ta tafi. A 450 lantarkin nan ne yake cike giɓin kafin turbo ya farka, kana takawa ta wuce, ka koma hannunka ba tare da Hajiya ta kama salati ba. Ni a wurina wannan ba ƙawa ba ce, tsaro ne. Haka idan hanya ta bi da kai Hawan Kibo za ka Jos da kaya, nan ma za ka san wadda kake ciki.

A cikin gari kuwa, gaskiya 350 ba ta da laifi. Daga Nasarawa zuwa Kantin Kwari ko cunkoson Ƙofar Nasarawa ba inda za ka yi amfani da doki 362. Abin da kawai za ka lura shi ne sauti. Ka tsaya kusa da bonet ɗin 350 da safe, za ka ji wani ɗan kas-kas-kas wanda bai dace da kuɗin motar ba, kuma idan ta kashe kanta a danja ta sake tashi, kana jin ɗan girgiza a kujera. 450 ba ka sanin lokacin da ta mutu balle lokacin da ta tashi. Kuma tunda kwamfuresan esinta da lantarki yake aiki, ko injin ya tsaya sanyi bai yankewa.

Wannan lantarkin dai shi ne kuma inda ya kamata ka yi dogon tunani, don shi ne ainihin kuɗin da 450 za ta iya ci maka, ba fetur ba. Injin M256 ba shi da fanbel ko ɗaya. Ba shi da kik da altaneta irin waɗanda bakanike ya saba kwancewa ya kai a naɗa. Famfon ruwa da kwamfuresa duk a kan wuta mai bolt 48 suke, daga wani batir na daban, ban da batir na kullum. Idan batir ɗin nan ya samu matsala, mota ba za ta tashi ba, kuma ba a tura ta, ba a jona mata waya daga motar maƙwabci a ce an gama. Masu motar a Amurka sun yi ƙorafi a kan haka, musamman a shekarun farko. Gyaran sai mai kwamfutar Mercedes ta ainihi wanda ya san aikin, kuma batir ɗin ba abin da za ka shiga Ƙofar Ruwa ka ɗauko a shago na farko ba ne. Sau da yawa sai an nemo daga kasuwar Ladipo ta Legas ko an yi oda daga waje, mota tana ajiye. A Abuja, wajen Apo, an fi samun masu taɓa irin wannan. Kafin ka biya, ka san takamaimai wa zai riƙe maka ita.

Kada kuma ka ɗauka 350 ta tsira. Ita tana da kik da fanbel, bakanike zai gane abin da yake gani, wannan gaskiya ne. Amma an samu matsalar tof silinda a wasu injinan M264, bawul ba ya zama daidai, inji ya riƙa tsallake wuta, har kamfanin ya tsawaita garanti a kan abin a Amurka. Garantin nan ba ya biyo mota zuwa Najeriya. Idan ta same ka a nan, aljihunka ne. Ga kuma batun mai: duka biyun an ƙera su ne don fetur mai daraja, wanda ya fi wanda ake zuba mana a yawancin gidajen mai. Kwamfutar motar tana ja da baya don kada injin ya yi ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ragu kaɗan. Babban inji yana da rarar da zai yafe wannan. Ƙarami da kullum yake aiki kusa da iyakarsa, ga zafinmu, shi ya fi jin jiki. Shi ya sa ko wacce ka ɗauka, baƙin mai na ainihi za ka riƙa zubawa, kuma kada ka jira kilomitocin da littafin ya rubuta, don ba don ƙurar hunturunmu aka rubuta su ba.

Ka kuma leƙa bayan 350 ɗin ka ga ko an rubuta 4MATIC, wato mai jan ƙafa huɗu. A Amurka akwai mai jan ƙafar baya kawai, dilalai kuma ba kasafai suke faɗa ba. 450 duk ƙafa huɗu take ja.

Farashi kuwa, suna sababbi tazarar da ke tsakanin 450 da 350 mai 4MATIC kusan dala 5,000 ce. A kasuwar tokumbo ba wannan ke yanke kuɗi ba, tarihin motar ne. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga gwanjon Copart ko IAAI suke, wasu hatsari, wasu ambaliya. Ka karɓi lambar VIN, wato lambar shasi, ta kowacce ka duba hotunanta na ranar gwanjo. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka haska tocila ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatar ruwa. 450 da ruwa ya taɓa shiga, da duk wayoyin nan nata, ko kyauta aka ba ka ka yi godiya ka wuce. Idan 350 ɗin ce mai tsabta, 450 kuma mai tarihi, to ba sauran muhawara.

Amma idan duka lafiyarsu ƙalau, ga wanda yake bin hanyar Kaduna da iyali kamar kai, ni 450 zan ɗauka, da sharaɗin an sa mata kwamfuta an duba batir ɗin bolt 48 a gabanka, kuma ka ware wani abu a gefe saboda shi. Da a ce motar Hajiya ce ta kai yara makaranta da zuwa biki, da 350 na ce. Ka turo VIN ɗin guda biyu, tare da hoton dashbod injin yana aiki, mu ga ko akwai fitilar da ke kunne.