Keken burji na gwanjo: abin da yake iyawa a hanyoyin Maradi da abin da ya fi ƙarfinsa

A cikin kekunan gwanjon da ke shigowa Maradi daga Turai an fara ganin wani iri mai lanƙwasasshen kai irin na tsere, sai dai tayarsa ta fi ta tsere kauri, birkinsa kuma faranti ne a tsakiyar wili. Shi ne keken girabal, wanda aka ƙera don hanyar tsakuwa da burji. Wanda muke dubawa a nan shi ne samfurin da aka fi samu: jiki na alminiyam, fok (sashen da ke riƙe wilin gaba) na kabon, wili 700, taya mai faɗin milimita 38 zuwa 40, giya 10 ko 11 a baya. A kan kwalta da jan burji babu keken da ke kasuwarmu da zai kamo shi. A cikin rairayi kuwa, keken dutse mai arha ya fi shi nesa ba kusa ba. Sauran maganar duk tana tsakanin waɗannan biyun.

Dole a fara da ƙasar da aka ƙera shi dominta, don ita ce ke bayyana kowane ƙarfe da ke jikinsa. A ɗauki yankin Girona a arewa maso gabashin Sifen, inda ake tseren keke na Traka wanda ɗaya daga cikin zangunansa ya kai kilomita 360. Tsakanin birnin da bakin tekun Costa Brava akwai tsaunukan Gavarres. Ba su da tsayi sosai, ƙololuwarsu ba ta wuce mita 500 da kaɗan ba, amma hanyoyinsu hawa ne da gangara babu hutu, a kan ƙasa mai tauri da fasassun duwatsu masu kaifi. Akwai kuma tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta keke, wajen kilomita 40 daga Girona zuwa Sant Feliu de Guíxols a bakin teku, shimfiɗaɗɗiya mai dandaɓaɓɓiyar tsakuwa. Mai keke a can tsoronsa uku ne: dutse ya yanka gefen taya, hawa ya fi ƙarfin ƙafa, birki ya yi zafi a doguwar gangara. Mu a nan ba ɗaya daga ciki da ke damunmu. Namu rairayi ne da ƙaya da ƙura, sai kuma rashin kayan gyara.

A kan kwalta, kamar hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa, keken yana tafiya ba wahala. Nauyinsa tsakanin kilo 10 zuwa 11 ne, wato kusan rabin tsohon keken ƙarfe mai kariya, kuma idan iskar hunturu ta taso daga gabas sai a kama ƙasan kai a sunkuya, nan take a ji bambanci. Tayar 40 tana shanye ƙananan ramuka da karyayyen bakin kwalta, wanda shi ne wurin da manyan motoci ke tura mai keke ko yana so ko ba ya so. Amfaninsa ya fi fitowa a jan burjin da ke shiga ƙauyuka. Matuƙar burjin ya danne, gudun kilomita 22 zuwa 25 a awa ba abin wahala ba ne ga wanda ya saba. Inda hanya ta yi gargada, irin tudun nan a jere da motoci ke bari, keken ba shi da sifirin da zai shanye, hannu da kafaɗa ne ke biya. Maganin a sassauta riƙo, a ɗan ɗaga daga sirdi, a nemi gefen da babura suka lallasa, kuma kada a cika iska.

Iskar taya ita ce rabin aikin keken nan, kuma ita aka fi ɓatawa. Mai faci ya saba ya cika taya har ta yi tauri kamar ta babur, ya matsa da yatsa ya ce ta yi. Ga mutum mai kilo 70 a kan taya 40, abin da ake so a ma'aunin iska na bar shi ne 2.3 a gaba, 2.5 a baya, idan babu tiyub a ciki. Idan da tiyub, a kai wajen bar 3, don kada bakin wili ya matse tiyub ɗin a kan dutse ko bakin rami ya yi masa huda biyu a jere. Mai kilo 90 ya ƙara rabin bar. Da zarar an wuce bar 4 a kan burji, keken zai riƙa tsalle, tayar baya ta riƙa zamewa, gudu ma ya ragu. Saboda haka famfo mai ma'auni ba ado ba ne, yana cikin kuɗin keken.

Sai rairayi. Hanyoyin amalanke da ke ratsa gonakin gero, da gangaren gulbin Maradi a rani, da ma wasu lungunan cikin gari, rairayi ne mai zurfi da shanu da jakuna suka tattake. Taya 40 tana nutsewa, ta gaba ta karkace, mutum ya sauka ya tura. Ana iya cin gajeren wuri, mita 20 ko 30: a shiga da gudu, a sa giya mai sauƙi tun kafin a isa, a ja jiki baya a sirdi, a bar kai ya bi inda yake so, kada a taɓa birkin gaba, kada a daina taka feda. Abin da ya fi haka tsawo kuwa sai faɗin taya. Shi ya sa abu na farko da za a auna wajen saye shi ne filin da ke tsakanin taya da jikin keke, a fok da kuma bayan feda. Idan jikin zai ɗauki taya 45 ko 47 ya kuma bar milimita 5 kowane gefe, to keken ya dace da mu. Wanda iyakarsa 35, keken kwalta ne da aka sauya wa suna, a bar shi. Damina tana taimakawa ta wani gefen: kwana ɗaya bayan ruwa rairayin ya danne, hanyar da ta gagara a watan Maris ta zama mai daɗi. Amma laka ta fadama, wajen Jiratawa da bakin tafkin Madarunfa, tana manne wa taya ta cike wannan filin, har wili ya ƙi juyawa, ta kuma goge fentin jikin keke.

Ƙaya ce ke sa mutane su jingine keken nan bayan mako biyu. Tsaida tana shiga taya da yawa a lokaci guda, ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuma suna ratsa roba har ciki, musamman inda aka yi shinge ko aka sassabe gona aka watsar da rassa a hanya. Tayoyin da keken ke zuwa da su sirara ne, an yi su don sauƙi. Idan wili da taya duka suna ɗauke da alamar TLR ko TR, wato suna aiki ba tiyub, a cire tiyub, a naɗe cikin wili da tef ɗinsa, a sa bawul, a zuba mililita 60 na ruwan toshe huda a kowace taya. Hudar tsaida yana rufe ta tun kafin a lura. Aibinsa shi ne zafinmu yana busar da shi. Abin da ke wata biyar ko shida a Turai, a bazarar Maradi a duba shi duk bayan mako shida: a girgiza wili, in ba a ji motsin ruwa ba a ƙara. Kuma ba a cika samunsa a kasuwa ba, sai an yi saƙo. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiyar ba ya nemi taya mai kauri da tiyub mai bawul ɗin da ake kwance cikinsa, ya ɗura ruwan a cikin tiyub. Bayan kowace huda a bi cikin taya da tsumma, don ƙayar da ta karye a ciki ita za ta huda sabon tiyub ɗin.

A nan akwai tarkon da ya kamata kowa ya sani. Wilin 700 ana kuma kiransa 28, tsohon keken ƙarfe irin na Raleigh da Phoenix shi ma 28 ake ce masa, amma ba girmansu ɗaya ba. Na farko milimita 622 ne, na biyu 635. Tayar tsohon keke za ta yi wa wannan wili yawa, ta fita da zarar an sa iska. A karanta ƙananan lambobin da ke gefen taya, a nemi 40-622 ko 45-622. Tayar keken dutse mai lamba 29 ita ma 622 ce, tana shiga wilin, matsalarta kawai faɗi. Bawul ɗin ma siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla, wanda ya kamata ya zauna cikin aljihu kullum.

Giya ta fi buƙatarmu yawa. Farantin giya mai haƙora 40 a gaba da mai 42 a baya an yi su ne don hawan da ya kai kashi 15 cikin 100, mu kuwa hawanmu bai wuce fitowa daga kwarin gulbi zuwa tudun da garin yake ba. Ba laifi ba ne, tana amfani a rairayi. Abin damuwa shi ne sarƙa. Ta giya 11 siririya ce, kuma al'adar zuba mata baƙin mai ita ce ke kashe ta: man ya kama ƙura, su biyun su riƙa cin ƙarfe daga ciki, sarƙar ta miƙe, ta cinye haƙoran baya, waɗanda suka fi ta tsada. Abin da ya fi dacewa da ƙurar hunturu kaki ne. A wanke sarƙa da kalanzir sau biyu, a ɗauraye da fetur, a bari ta bushe sarai, a tsoma ta cikin narkakken kakin kyandir na minti 10, a rataye ta huce. Takan kai kilomita 200 zuwa 300 kafin ta fara ƙara, sai dai in ruwa ya duke ta. Auna lalacewa kuma ruler kawai yake buƙata: daga fil na farko zuwa na 25, sabuwar sarƙa milimita 305 ce. Ta kai 306 da rabi, a sauya. In akwai zaɓi, mun fi son keke mai giya 8 ko 9, don sarƙarsa da wayarsa ana samunsu wurin masu kayan keken dutse.

Haka maganar take a birki. Birki mai amfani da mai ya fi kamawa, amma in ya sha iska ko tiyonsa ya tsage, gyaransa sai da kayan aikinsa. Babban haɗari shi ne a zuba masa man birkin mota. Kamfanin Shimano, har da jerin GRX da ya fitar a 2019 don irin wannan keke, man ma'adinai yake amfani da shi. Man mota yana kumbura robobin cikinsa, birkin ya mutu gaba ɗaya. Birkin faranti mai waya ya ishe mu tunda ba mu da doguwar gangara, kuma duk mai gyaran keke zai iya sa masa sabuwar waya. Kowane iri ne, kada mai ko kaki ya taɓa farantin. A sauya takalmin birki in abin da ya rage bai kai milimita 1 ba, farantin Shimano kuma in ya sauka zuwa 1.5.

Wajen ciniki, a tuna cewa keken da ya yi rayuwa a bakin teku yana zuwa da ciwon gishiri. A kwance noti a ja sandar sirdi sama. In ta ƙi motsi, ta haɗe da jiki, kuma fitar da ita na iya fasa keken. A duba kawunan sifok, in suna da farin gari suna marmashewa, wilin ba zai ɗauru ba. A kifa keken a duba ƙarƙashin babban bututu da bakin wili, nan duwatsu ke barin lotsawa. Fok na kabon ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya, don haka duk tsagar da farce ya kama a jikinsa ta isa a fasa ciniki, komai rangwamen da aka yi. Sannan ƙaramin ƙarfen da ke riƙe da mai sauya giya na baya: da gangan aka yi shi da taushi, yakan lanƙwashe tun a cikin kwantena ko a saman motar haya, kuma kowane keke da irin nasa. A tsaya a bayan keken a duba ko ƙananan ƙafafun biyu suna miƙe a ƙarƙashin haƙora. In sun karkata ciki, ranar da aka sa giya ta ƙarshe za su shiga sifok.

Ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke zuwa ƙauyen da ke kan burji, kilomita 15 ko 20 daga gari, keken ya cancanci kuɗinsa, in an haɗa da famfo, da tiyub biyu, da alanki 4 da 5, da gorar ruwa biyu. A bazara a lissafa lita ɗaya kowace awa, a fita bayan asuba a dawo kafin hantsi ya yi zafi. Ga mai ɗaukar buhu ko jarka ba nasa ba ne, sifok 24 ko 28 ba za su jure ba. Masu son yawon nesa ta kudu, wajen Gabi da dajin Baban Rafi, su tambayi mutanen yankin halin da hanya ke ciki kafin su tashi, saboda ƴan bindigar da ke tsallako iyaka, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai.