Tsofaffin littattafan binciken kisa: na Ingila ko namu na gida?

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura ya tambaya: yana so ya fara tara tsofaffin littattafan binciken kisan kai, na marubutan da aka manta da su, kuɗinsa kuma ba yawa. Na Turawan Ingila zai bi ko na nan gida? Malam, in ta ni ce, na gida za ka bi.

Na Ingila sun yi tashe ne tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Agatha Christie, wadda littafinta na farko ya fito a 1920, ita kowa ya sani, amma a bayanta akwai tarin marubuta irin su John Bude da J. Jefferson Farjeon da sunansu ya kwanta shekara da shekaru. Kamfanin Collins ya buɗe jerin Crime Club a 1930, Penguin kuma, da ya fara a 1935, koren bango yake sa wa labaran kisa. Masu koren bangon nan ba su da tsada sosai, don an buga su da yawa. Abin da masu tarawa ke rububi a kai shi ne bugun farko mai bango mai tauri, sanye da rigarsa ta takarda. Rigar ta yage ko ta ɓata, darajarsa ta zube. Ciniki kuma da fam ko dala ake yi, ga kuɗin aikowa har Katsina, abokan tayinka kuwa littafin a ƙofar gidansu yake.

Sannan waɗannan ba za su ɓace ba. Babban ɗakin karatun Birtaniya yana karɓar kwafin duk abin da aka buga a ƙasar, shi ne ma ya dawo da Bude da Farjeon kasuwa da sabon bugu a 2014. In karatu ne burinka, sabon bugun ya ishe ka.

Namu fa? Akwai jerin Pacesetters na Macmillan da ya fara a 1977, wanda 'yan sakandare suka yi ta karɓa hannu da hannu har ya ragargaje. A Hausa, 1982 ta kawo Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai maganar fasa-ƙwauri. Marubutan biyu duka 'yan nan Katsina ne. Waɗannan an san su. Masu wuyar samu na gaske su ne ƙananan littattafan kasuwar Kano da suka biyo baya, waɗanda marubuci ke bugawa da kuɗinsa, na ɗaya, na biyu, na uku, wani ko shekarar bugu babu a jiki. Bugu ɗaya ya ƙare, shi ke nan. Takardar mai araha ce, ƙarfen ɗinkin tsakiya kan yi tsatsa da damina ya ci shafi, abin da ya saura gara ta gama da shi, ko mai ƙosai ta naɗe wa yara. Ka samu na ɗaya da na uku, na biyu ya zama ƙwan zabi a daji.

Sai dai ka sani, salon ya bambanta. Na Turawan Ingila kacici-kacici ne: gawa a ɗaki, mutane kaɗan da ake zargi, mai kisan ba ya bayyana sai shafin ƙarshe. Namu sun fi karkata ga ta'asa da farautar mai laifi, sau da yawa ka san mugun tun farko. In wancan wasan ƙwaƙwalwar kake so, na gida ba za su kashe maka ƙishi sosai ba.

Ka fara da waɗanda suka taɓa riƙe shagon hayar littattafai, da akwatunan yayyenmu mata da suka yi karatunsu a shekarun 1990. Kafin ka biya, ka buɗe tsakiya ka duba ɗinki, ka tabbatar shafin ƙarshe yana nan. In ka kai gida kada ka jingina su da bango ko ka ajiye a ƙasa.