Kafin ka shiga dajin Hallerbos da kyamara: wane gilashi ya fi dacewa ka saya?

A kudu da birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, kusa da garin Halle, akwai dajin Hallerbos. Daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu furannin bluebell kan lulluɓe ƙasarsa da shuɗi a ƙarƙashin dogayen itatuwan beech. Duk mai shirin zuwa ɗaukar hoto, gilashin makro yake fara tambaya, wato gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa-kusa. Ni kuwa nakan ce masa ya dakata tukuna.

Dalili shi ne a dajin nan an hana sauka daga kan hanya, kuma hanin yana kan gaskiya, domin idan aka tattake ganyen furen sai ya yi shekaru bai farfaɗo ba. To ina amfanin gilashin da sai ka kai shi dab da fure, alhali furen da ya fi kyau yana can nesa da kai taku goma? Shi ya sa na fi son mai jawo nesa, 70-200mm ko kuma 70-300mm, wanda ya fi sauƙin kuɗi da nauyi. Ka durƙusa a bakin hanya ka jawo, sai furannin da ke warwatse su haɗu su zama shimfiɗa guda, kututturan su jeru a bayansu.

Makro fa yana da ranarsa. Tsiron fern, wani ganyen daji mara fure, yakan fito ne a naɗe kamar gammo, da ɗan gashi launin ƙasa a jikinsa, kafin ya warware. Idan ka same shi a gefen hanya, Nikon Z MC 105mm ko Sony FE 90mm za su fito maka da shi daidai girmansa a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, Canon RF 100mm ma har ninki 1.4 yake kaiwa. Sai dai akwai tsada. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi zoben da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashi: mai kaurin 25mm a bayan gilashin 50mm yana fito da abu kusan rabin girmansa a kan sensa. Aibinsa, yana cin haske, kuma muddin yana jiki ba za ka ga nesa garau ba. Raynox DCR-250 kuma, ƙaramin gilashin ƙara girma, a gaban gilashi ake maƙala shi, a cire nan take.

Kada kuɗinka su ƙare ba ka sayi sanda mai ƙafa uku ba. Da sassafe cikin daji haske kaɗan ne, hannu kuma yana rawa. Ka zaɓi wadda ƙafafunta ke bajewa har ƙasa. Matatar rage ƙyalli, wadda ake ɗaurawa a gaban gilashi, tana kashe walƙiyar jiƙaƙƙen ganye, kore ya fito shar, amma ita ma tana rage haske.

Ranar da gari ya yi lumshi ka fita, ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ba ka damar gyara launi daga baya, don a tsakar rana kyamara kan karkatar da shuɗin furen zuwa ruwan hoda.