Zane da majanyi ko jakar goyo? Abin da na gani cikin wata 11

Daren suna, bayan jama'a sun watse aka fara buɗe kayan barka, tsakar ɗakin Umma ta cika da ledoji: sabulai, hoda, mayuka kala-kala, famfas, da wata jakar goyo irin ta zamani a cikin kwalinta. Yau yarona yana da wata 11. Cikin kayan nan akwai waɗanda suka ƙare na sake saye ban san sau nawa ba, akwai kuma waɗanda har gobe suna saman sif ban ko ɓare su ba. Ƙawayena masu ciki suna yawan tambayata me za su tanada, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na gwada da hannuna.

Aiki aka yi mini aka ciro shi, don haka a makonnin farko ko sunkuyawar da ake yi a ɗora yaro a baya ba na iyawa. Da lokacin rigakafin sati 6 ya yi, sai na ɗauko jakar nan ta barka na saka shi a ƙirji muka tafi. Tun a hanya na ji kafaɗuna kamar an rataya mini jarka, domin igiyoyinta sirara ne kuma ba ta da ɗamarar ƙugu. Muna cikin layi wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, ta tsaya ta ce, "Maman yaro, ɗago kansa." Na duba, ashe barci ya kwashe shi ya zurma ƙasa, haɓarsa ta manne da ƙirjinsa, fuskarsa ta shige cikin hijabina. Ta sa yatsa ta ɗago haɓar, ta ce mini hanyar numfashin jariri siririya ce ƙwarai, idan wuyansa ya lanƙwashe haka tana iya toshewa, kuma ba zai samu ƙarfin yin kuka ba balle a ankara. Na ce, "Na gode, Sista," amma jikina ya yi sanyi har muka koma gida. Da na cire shi na tarar bakin jakar ya yi masa jan shati a cinyoyi biyu.

Ba tsoratarwa ta yi ba. A shekarar 2010 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta sa an janye wani samfurin abin goyo mai kama da buhu, kusan guda miliyan 1, bayan jarirai 3 sun rasu a ciki saboda toshewar numfashi. Tun daga ranar rigakafin nan nake bin ƙa'idar da masu harkar goyo suke koyarwa: a ɗaure yaro ya manne da jiki ba ya lilo, fuskarsa a buɗe kina ganinta ba sai kin yaye komai ba, kansa ya zo kusa da haɓarki yadda da kin sunkuyar da kai za ki sumbaci goshinsa, yatsa ya iya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa, bayansa kuma ya samu abin tokara. Jakar barka ba ta cika ko biyu daga ciki ba. Na naɗe ta na ajiye, ban kuma ba wa kowa ba.

Umma ce ta fara nuna mini ɗayan aibinta tun kafin in karanta a ko'ina. Ta ce, "Wannan wane irin goyo ne, ƙafafun mijina suna reto kamar an rataye shi?" Gaskiyarta. Mazaunin jakar ɗan siriri ne, nauyin yaron duk ya taru a tsakanin cinyoyinsa. Ku dubi yaron da aka goya da zane: cinyoyinsa a buɗe sun rungumi ƙugun uwarsa, gwiwoyinsa sun ɗan fi ɗuwawunsa tudu, kamar zaman kwaɗo. Wannan zama shi ne likitocin ƙashi suke so, domin yana zaunar da kan ƙashin cinya daram a cikin gurbinsa lokacin da gaɓar take da taushi. A 2015 wasu likitoci a Malawi, inda mata suke goyo irin namu, sun fitar da binciken bayanan yara sama da 40,000 da aka duba a asibitinsu cikin shekara 10, ba su samu jariri ko ɗaya da aka kawo da gocewar gaɓar ƙugu irin wadda ake fama da ita a wasu ƙasashe ba, suka kuma danganta hakan da goyon baya. Manyan jakunkuna masu tsada a yau da wannan zaman suke talla. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, sanin cewa iyayenmu sun daɗe a kan daidai.

Jaka ta biyu a gwanjo na same ta, a Ƙofar Wambai. Na ɗauki lokaci a kanta kafin in biya: na ɗaura kowane maɓalli na ja da ƙarfi in ji ko zai kuɓuce, na bi ɗinkin da ya haɗa igiyoyin kafaɗa da jikinta, na duba takardar da ke manne ciki wadda ta nuna nauyin yaron da za ta iya ɗauka. Mazauninta mai faɗi ne, daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, tana da ɗamarar ƙugu mai kauri. Na wanke ta sau biyu na shanya a rana.

Bambancin a fili yake. Ɗamarar ta sauke nauyin daga kafaɗa zuwa ƙugu, na iya yin awa biyu a kasuwa ban dawo ina neman mai danna mini baya ba. Inda ta fi yi mini rana shi ne shiga A Daidaita Sahu. Duk mai goyo ta san yadda ake karkacewa a bakin kujera don kada kan yaro ya bugi ƙarfe idan an faɗa rami. Da shi a gaba, hannuna yana kan ƙeyarsa, idona yana kan fuskarsa. Sai kuma abin da ban yi tsammani ba: babansa ya ɗauke ta. Namiji ba zai ɗaura zane ya yi goyo ba, amma wannan ya saka ta ba tare da ya ji wani iri ba. Daren da ciwon ciki ya hana yaron barci, shi ya yi ta zagaye tsakar gida da shi a ƙirji har ya yi shiru, ni kuma na samu na runtsa. Ko don wannan kaɗai kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma tana da nata. Har na kai wata 3 ɗamarar tana sauka daidai kan ɗinkin aikin, sai na ɗaga ta sama da cibiya. Zafin Afrilu kuwa, lokacin da Kano take haura digiri 40, ba ta ɗaukuwa: soson da ke cikinta yana riƙe gumi, minti 20 sai ka ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da ƙirji. Wadda za ta saya ta nemi mai raga-raga ko ta auduga marar kauri. Ba a girki da yaro a gaba, ba a tsugunawa wanki, ruku'u da sujada ma ba sa yiwuwa yadda ya kamata. Mayar da shi baya a cikinta kuma sai da ya kai wata 6 yana zama da kansa. Ranar da ya yi tumbuɗi a kanta, yini guda ta yi kafin ta bushe.

Shi ya sa a cikin gida zane da majanyi ba su da na biyu. Atamfar auduga da ta sha wanki ta fi riƙewa. Leshi da yadi mai santsi kwancewa suke yi. Majanyi na saƙi, mai faɗi, a ɗaura shi ƙarƙashin ɗuwawun yaro ba a tsakiyar bayansa ba. Cikin ƙiftawar ido na goya shi, in yi shara, in yi wanke-wanke, in yi salla, shi kuma barcin da yake yi a baya ba ya yin irinsa a katifa. Matsalar goyon zane guda biyu ce a wurina. Ƙullin yana danne nono, lokacin da ruwan nono ya cika har zafi nake ji. Na biyu, ba na ganin fuskarsa, musamman in na zumbula dogon hijabi a kai. Wannan ina roƙon 'yan'uwana mata mu kula: yaro a baya, a ƙarƙashin hijabi mai kauri, cikin rana, yana shan zafin da mu ba ma ji. Ni nakan yaye hijabin daga kansa, in leƙa shi da kyamarar waya lokaci-lokaci. Da ya kai wata 8 kuma ya fara miƙa hannu yana cafko duk abin da na gifta, sai na daina juya baya kusa da tukunya.

Wadda kuɗinta bai kai na jaka mai kyau ba, ta riƙe zanenta hankali kwance, ba ta rasa komai ba. Jaka mai arha mai siririn mazauni ita ce asarar kuɗi.

Sauran kayan kuma, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu amfanin su ne masu sauƙin kuɗi. Na farko man cibiya, wato kulohezidin mai kashi 4 cikin 100, ɗan ƙaramin bututu da aka ba ni a asibiti. Tsofaffin unguwa sun kawo shawarar gashi da tsumma mai zafi, wata ma ta ce man goge baki yana saurin busar da ita. Na tsaya a kan abin da aka ba ni. Cibiyar ta ɗan yi jinkirin faɗuwa, amma ba wari ba ruwa. A kiyaye dai, na cibiya ne kaɗai: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi saboda jariran da idanunsu suka lalace bayan an ɗiga musu shi bisa kuskure, an zaci maganin ido ne.

Kafur ma na raba shi da kayan yaro. Umma ta zuba shi a akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyasai, kamar yadda aka saba. Likita ya faɗa mana cewa yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a ƙasar nan musamman ga maza, kafur yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Muka kwashe kayan kaf muka sake wankewa.

Hoda gwangwani 7 na samu, ɗaya kawai na buɗe. Tana dunƙulewa a matsematsin wuya ta haɗu da gumi, ƙurarta kuma jariri yana shaƙa. Kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da hodar jarirai ta talk, wato garin wani dutse mai laushi, a duniya baki ɗaya a 2023, ya koma ta garin masara. Abin da ya kwantar da ƙurajen zafin yarona shi ne wanka da ruwa mai ɗan sanyi, rigar auduga guda ɗaya, da iska.

Man shafawa kuwa, wani mai ƙamshin turare da aka kawo ya sa fatarsa ta yi ja cikin kwana 2. Da hunturu ya shigo kumatunsa suka fara kaushi, man kaɗanya tsantsa da basilin marar ƙamshi suka gyara shi. Wata maƙwabciya ta ce in haɗa masa da man nan na kemis mai magani uku a ciki, wai yana goge ƙuraje yana sa yaro ya yi fes. Irin waɗannan suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, fatar jariri kuma tana zuƙe shi. Hasken da ake gani ba lafiya ba ce. Ban taɓa shi ba.

Famfas da dare da ranar fita, nafkin na yadi da rana. Na gane girman famfas da nauyin yaro ake zaɓarsa, ba da watanninsa ba, kuma in yatsu biyu ba su shiga ƙugun ba ya matse. Jiƙaƙƙen tishu yana cikin jakata don hanya, a gida kuwa buta da ruwan ɗumi sun fi shi tsabta da sauƙi. Sau ɗaya ɗuwawunsa ya saɓule lokacin da ya yi gudawa, man zinki da barinsa ba wando na ɗan lokaci suka warkar da shi cikin kwana 3.

Kwalli ne ya fi yi mini wuya, domin a nan da Umma zan yi magana, ita da ta yi jinyata kwana 40 ba ta gajiya ba. A wurinta jariri ba kwalli kamar bai gama shiri ba ne, ta ce yana wanke ido yana ƙara masa kyau. Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna mata gubar dalmar Zamfara ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara. Na ce, "Umma, dutsen da ake niƙawa a yi kwalli sau da yawa dalma ce a cikinsa." Na ba ta labarin yaro ɗan wata 6, ɗan 'yan Najeriya a birnin Boston, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahotonsa a 2012: an samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, ita kuma dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Ta yi shiru tana juya tandun a hannunta. Tandun mahaifiyarta ne, da shi aka sa mana kwalli mu duka. Can ta miƙe ta buɗe adakarta ta mayar da shi ƙarƙashin zannuwa, ta dawo ta karɓi yaron daga hannuna tana kallon fuskarsa. Ta ce, "To, a bar mini mijina da idonsa yadda Allah ya yi shi."